Akwatin Girgizar Ƙasa a Ɗakin Baba

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, a shekarar ne dutsen bayan gidanmu ya fara gurnani. Ni lokacin ina Kafanchan, na yi aure, mijina yana aikin gyaran layin dogo, ni kuma ina ɗinki a baranda da keken ƙafa. Mama tana can ƙauye ita kaɗai tun rasuwar Baba, a hanyar Madakiya, a gidan da ya fi kowane gida kusa da gindin dutse.

Ban ji gurnanin farko da kunnena ba. Wata mai sayar da citta, 'yar ƙauyenmu, ita ta tare ni a kasuwa ta ce da rana tsaka aka ji ƙara daga cikin dutse, kwanuka suka yi ta kaɗawa, awaki suka tsinke igiya. Ban ma tsaya jin ƙarshe ba. Na bar cefanena a gabanta na hau motar itace.

Na tarar da Mama tana sheƙe acca a tsakar gida. Wani ƙaton dutse ya gangaro ya tsaya a saman lambunta, bangon ɗakinta kuma ya tsage, tsagar da hannuna ke shiga har wuyansa.

"Mama, tashi ki haɗa kayanki."

"Sannu da zuwa. Ba ki gaishe ni ba."

"Ina wuni. Tashi ki haɗa kayanki."

Ta ɗago kai ta dube ni, ta ci gaba da shiƙa. Ta ce dutsen nan ya girme ta, ya girmi kakana, in da zai zo da ya zo tuntuni. Ta ce ita ta ɗauko ƙasar ginin gidan nan a kanta, tana da cikina, ba za ta bar shi don dutse ya yi tari ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, na sani, ba sai an gaya mini ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce in dutse ya danne ta me zan ce wa mutane, ta ce in ce musu ta gode da zuwa. Da yamma na koma Kafanchan ni kaɗai.

Daga ranar zama ya gagare ni. Gidanmu yana dab da layi, duk jirgin kaya da zai wuce sai kofuna sun yi rawa a kan tebur, abin da da ko ji ba na yi. Yanzu kuwa sai in zabura, in fita in tsaya ina kallon duwatsu daga nesa alhali na san ba abin da zan hango. Na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai, na warware, na sake haɗa shi a baibai. Mijina ya ce, "Don Allah ki zauna wuri ɗaya, kina sa ni jiri." Na ce shi ai uwarsa a fili take zaune, dole ya iya magana. Duk ranar kasuwa ina kan mota zuwa ƙauye, in duba tsagar bango, in yi faɗa, in dawo.

Fastonmu ne ya kai maganar wurin hakimi, daga nan ta yi ta hawa har ta kai jami'a a Zariya. Bayan damina ta ɗauke sai ga wata jif da masu nazarin duwatsu. An yi sa'a ranar ina ƙauye. Babbansu wani dogon mutum ne mai sanyin magana, mu dai Malam muke ce masa. Suka zagaya dutsen, suka ƙwanƙwasa nan suka ƙwanƙwasa can, sannan suka sauko da wani akwatin ƙarfe mai nauyi, bai kai akwatin aure girma ba. Malam ya ce yana neman ɗaki mai kulle, wanda ƙasansa ke kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, kuma ya zama kusa da dutsen. Duk ƙauyen ba inda ya cika wannan sai ɗakin Baba, wanda yake rufe tun da ya rasu.

Na ɗauka Mama za ta ƙi, sai ta ce baƙo ai ba a hana shi masauki, ta je ta ɗauko makulli.

Suka fasa tsakiyar ɗakin har suka tarar da fa, suka zuba siminti, da ya bushe suka dawo suka ɗaure akwatin a kai da kusoshi, suka haɗa masa batir. Ni na tsare Malam da tambaya, don ban yarda a ajiye wa uwata abin da ban san kansa ba. Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce akwatin barci yake yi, ba ya farkawa sai ƙasa ta fizga. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe a rataye da ɗan madubi. In ƙasa ta fizga, akwatin ya tafi da ita, ɗan ƙarfen ya yi nawa, sai fitila ta kama a ciki, haske ya zana ƙarfin fizgar a kan fim irin na masu hoto. Sai an kai fim ɗin Zariya an wanke sannan a karanta. Ya nuna mini wata 'yar taga a gefe mai lamba a ciki, ya ce in lambar ta juya, to akwatin ya farka ke nan.

Nan take na ga hanyata. Na ce, "Mama, kin ƙi jin maganata. To ga wanda ba ɗanki ba, ba ya kuka, ba ya faɗa. In ya ce ƙasa ta motsa fa?"

Ta dubi akwatin. Can ta ce, "In ya ce ta motsa, zan bi ki. In bai ce ba, ki bar ni in sha ruwa."

Na sa ta maimaita a gaban Malam da Hausa, don da yarenmu muka yi maganar. Ta harare ni, amma ta maimaita. Mama ba ta taɓa faɗin magana ta janye ba, kowa a ƙauyen ya san wannan. Kafin su tafi Malam ya kafa mana doka: kar a taɓa akwatin, kar a shure shi, kar ruwa ya same shi, kar yara su shiga. Mama ta ce ta ji, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Sai na shiga wani hali da ni kaina ban gane ba. Da safe in yi addu'a Allah ya riƙe dutsen nan, ranar kasuwa kuma in diro daga mota, ko ruwa ban sha ba, in durƙusa a gaban 'yar tagar, in ga lamba tana nan yadda take, haushi ya turnuƙe ni. Akwatin banza, ka zo ka cinye mana ɗaki kana ta barci! Mama tana tsaye a bakin ƙofa tana ce mini in bi a hankali kar in tashe shi.

Abin da ya dami Mama daban ne. Akwatin ya jawo mata baƙi. Fasto ya zo gani, hedimasta ya zo, matan Fulani masu kawo nono suka leƙa, har daga Madakiya ana zuwa. Kowa ya shigo sai ya taka ɓaraguzan da masu siminti suka bari, daɓen ɗakin duk ya farfashe, ƙura tana tashi. Wannan ya tsaya mata a rai. Ɗakin mijinta, a gan shi haka? Ga Kirsimati ya matso, lokacin da kowace mace a wurinmu take gyara daɓenta. Sai ta aika wa matan zumunta cewa tana gayyar daɓe.

Ina wurin, da ni aka yi. Mun kwaso jar tsakuwar marmara daga bakin rafi, an jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, tun kwana biyu kafin ranar, ruwanta ya yi ja wur. Mama ta ɗauko zaninta na zuwa majami'a ta lulluɓe akwatin da shi don kar ruwa ko ƙura su same shi, ta zagaye simintin da toka, ta ce duk wadda madaɓinta ya ƙetare wannan layi za ta gamu da ita. Muka shimfiɗa marmara, muka yayyafa makuba, muka durƙusa a jere, ɗakin ya cika har ba wurin juyawa. Mama ta ɗaga waƙa da yarenmu, muka amsa, madaɓai suka sauka tare.

Wanda bai taɓa shiga daɓe ba ba zai gane ba. Ba a buga shi barkatai. Hannu ɗaya ake yi, waƙa ce ke riƙe bugun, ki ji shi yana hawowa ta gwiwoyinki har haƙora. Mama da tsufanta ba wadda ta kai ta, in ta ga wata ta fara sanyi sai ta sa sunanta a waƙar a yi ta dariya. Mu buga, mu tsaya a yayyafa ruwa, mu buga, mu tsaya a sha kunu, tun hantsi har rana ta karkata. Ba wadda ta taɓa akwatin, ko gefen zanin ba a taka ba. Gaskiya tun da dutsen ya fara gurnani ban yi wuni da na manta da shi ba sai wannan. Da muka gama, ɗakin yana ƙyalli, Mama ta kulle ƙofa ta ce ba mai shiga sai ya bushe.

A cikin kwanakin da ɗakin yake kulle aka sake jin wata 'yar ƙara daga wajen dutse. Wasu suka ce gurnanin ne, wasu suka ce motar katako ce ta faɗa rami. Da daɓe ya bushe Mama ta buɗe, ta yaye zaninta, ta ga lamba ta juya. Ba ta aiko mini ba. Ni na zo na gani da idona, na zauna a kan sabon daɓen. Ba wanda ya kawo maganar daɓe a ransa, ni ma haka. Mu a wurinmu girgizar ƙasa abu ne da ke fitowa daga cikin dutse da ƙara, daɓe kuwa aikin gida ne kamar shara.

Malam ya zo bayan sabuwar shekara. Ya rufe akwatin da baƙin ƙyalle, ya zura hannu ciki ya daɗe yana lalube, ya fito da fuska a ɗaure. Ya ce fim ɗin ya ƙare kaf, bai taɓa ganin haka ba. Ya ce, "Mama, akwatin ya farka, ba sau ɗaya ba. Amma ku dakata a wanke fim tukuna, kafin nan ba zan ce komai ba."

Dakata? Ni? Damina tana tafe, lokacin da ruwa ke shiga ƙarƙashin duwatsu ya saki ƙafarsu. Na ce Malam, kai a Zariya kake kwana. Na juya ga Mama na ce, "Ya farka ko bai farka ba?" Ta ce ya farka. Har yau in aka mayar da ni wannan rana abin da zan yi ke nan, don ba wanda ya ga dutsen da ke tsaye a saman lambunta da zai ce in jira.

A wurinmu matar da mijinta ya rasu gidan nata ne muddin wutarta tana ci a murhu. Ranar da ta kashe wuta ta koma wurin 'yarta, filin ya koma hannun dangin miji. Baba ƙarami, ƙanin mahaifina, shi ne mai karɓa, kuma shi ya fi kowa hana ta. Ya zo ya tsuguna ya ce, "Matar yaya, ki sake tunani. Ki bar ko tukunya ɗaya a kan wuta." Ta ce ta riga ta faɗa a gaban baƙo. Ta raba kajinta, ta ba shi ƙofofi da azara don kar gara ta ci, ta ɗebo ruwa ta zuba a murhu da hannunta. Tun da ba mai tsaron ɗaki, mutanen Malam suka kwance akwatin suka kai shi sito na makaranta. Kafin ruwan farko Mama tana Kafanchan.

Na ɗauka yanzu zan huta. Ina! Sai muka zama mu biyu marasa zama. Mama ta share tsakar gida da safe, ta sake sharewa kafin rana ta yi tsaka. Ta ce simintin ɗakina yana shiga mata ƙashi. In jirgi ya wuce kofuna suka yi rawa sai ta dube ni ta ce, "Ashe nan ne ƙasa ba ta motsi." Da la'asar ta fita ta bi gefen layi har inda gidaje suka ƙare, ta tsaya tana duban duwatsu, ni kuma in bar keke in fito ina duban ta. Ba ta taɓa cewa in mayar da ita ba. Da ma ta faɗa, da na samu abin yin faɗa a kai.

Damina ta yi nisa sosai kafin Malam ya dawo. Ya je ƙauye aka kwatanta masa gidanmu, ya iso da rana ina ɗinki. Ya ba da haƙuri, ya ce wankin ya daɗe ba don son ransa ba. Ya ciro wata doguwar takarda a nannaɗe ya warware ta a kan tabarma, ya danne bakinta da almakashina. Layuka ne farare a kan baƙi, sun yi haƙora-haƙora.

Ya ce, "Ku duba. Girgizar ƙasa takan zo a hargitse, ta yi ƙarfi, ta mutu. Wannan kuwa haƙoran daidai suke, tazararsu ɗaya. Su tsaya, su sake tashi, daidai dai. Ƙasa ba ta yin haka. Mama, ana daka a ɗakin nan?"

Ran Mama ya ɓaci. Ta ce wa zai kai turmi ɗakin mijinta? Ta ce ba wanda ya taɓa akwatinsa, ko ranar daɓe da zaninta na majami'a ta rufe shi.

"Ranar me?"

"Daɓe."

Ya dube ta, ya dubi takardar. Na matso na bi haƙoran da yatsa, ga inda muka tsaya aka yayyafa makuba, ga inda muka sake ɗauka. Malam ya riƙe kansa ya ce laifinsa ne, ya kafa doka a kan komai ban da wannan, don bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya ce mu fahimce shi, shi bai ce dutsen lafiya lau yake ba. Abin da zai iya faɗa kawai, akwatin bai ji komai ba sai mu, kuma tun ranar fim ya ƙare.

Mama ta sunkuya ta dubi takardar. Can sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta riƙe ciki, hawaye suna zuba, ni ban san lokacin da dariyar ta ƙare ba. Ta goge fuska da bakin zani ta ce, "Ke nan ni ce."

Washegari da safe na fito na tarar ta ɗaure ƙunshinta, tana zaune a kai. Na fara faɗa, na ce Malam bai wanke dutsen daga zargi ba, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Akwati ya ce ƙasa ta motsa?" Na ce bai ce ba. Ta ce to. Raina yana tafasa na yafa mayafi na bi ta zuwa tasha, ina ta magana a mota ita ko kallona ba ta yi. Tun da muka baro ƙauyen ban koma ba, ba abin da zai kai ni, ita ma ba ta taɓa tambayar kowa labarin gidan ba.

Muka sauka a bakin hanya muka bi turba. Tana gaba, da sauri kamar yarinya. Da muka zagaya bayan majami'a sai ta tsaya cak.

Masara ce. Daga bakin turba har gindin dutse masara ce kore shar, ta fi mu tsayi, ta yi goyo. Ɗakunan da ba rufi damina ɗaya ta narkar da su, kuma kowa ya san ba ƙasar da ta kai kufai taki, ba manomin da zai bar shi ya kwana. Baba ƙarami bai yi abin da ba a yi ba. Ya baje ƙasar ginin, ya yi kunya, ya shuka.

Mama ta sauke ƙunshinta. Ta bi gefen gonar zuwa dama, ta dawo, ta bi zuwa hagu, tana leƙa tsakanin karare. Ta juyo ta ce mini, "Ta ina ƙofar take?" Na duba, na sake dubawa. A gidan aka haife ni, amma ban iya nuna mata ba.

Motsinmu ya fito da Baba ƙarami daga cikin masarar, da fartanya a kafaɗa. Da ya ga ƙunshin a ƙasa ya gane. Ya cire hula, ya fara cewa in an yi girbi, in Allah ya kai mu rani, a tara samari. Mama ta dubi hannuwanta, ta dube shi. Ita ta san ba za ta sake ɗaukar ƙasar gini ba, shi ma ya sani.

Ta ce, "Sannu da aiki. Masara ta yi kyau."

Ya shiga ciki ya yi ta karya, ya fito da ita cike da hannu, ya zuba mata a mayafi, irin tsarabar da ake yi wa baƙon da ya zo daga gari. Ta durƙusa ta karɓa ta yi godiya. Ni na ɗauki ƙunshin, ita ta ɗauki masarar, muka koma bakin hanya jiran mota.

Da muka isa Kafanchan ta hura gawayi, ta gasa masarar duka, ta raba wa jikokinta da yaran maƙwabta. Na ce ta ɗauki ko guda ɗaya. Ta ce ta ƙoshi.